Hanyar Rijiya

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya zauna a gidana a Damba, cikin Gusau, shekara uku, kuma a duk tsawon zaman nan bai taɓa rataye rigarsa a ƙusar da na buga masa ba. Kullum rigar tana naɗe a cikin buhu, buhun yana bakin ƙofa. In na yi magana sai ya ce ai ba daɗewa zai yi ba. Ƙauyenmu yana can gaba da Bungudu, a bakin gulbi, ya watse ne lokacin da ƙauyukan wajen suka watse, bayan mutanen daji sun hana kowa zuwa gona. Ba zan ba da wannan labarin a nan ba, kowa a ƙasar nan yana da irinsa. Abin da ya kamata a sani shi ne Kawu ya iso Gusau da matarsa, wadda muke kira Inna, da buhun nan, da wani gora. Inna ta rasu a daminar farko. Buhun da goran suka rage masa.

Goran na iri ne. Gero ne mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kan zangarniyarsa, Kawu ya gaje shi wurin kakanmu. Ya cakuɗa tsabar da toka saboda ƙwari, ya toshe bakin goran da totuwa da tsumma. Duk ƙarshen rani sai ya ɗebi kaɗan a tafin hannu, ya naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya ajiye gindin randa kwana uku don ya ga abin da zai tsira. A shekarar farko kusan duka ya tsira. A ta biyu an samu fiye da rabi. A ta uku na gan shi tsugune gindin randar ya daɗe, da na leƙa sai na ga ko rabi babu. Duk mun san abin da ake ciki. In irin nan bai shiga ƙasa bana ba, baɗi sai dai a daka shi a yi fura.

Na sha ce masa ya bari a kai shi Mada, inda mijin ƙanwata yake da gona a bakin titi. Ya ƙi. Hujjarsa ita ce gero yana ɗaukar halin maƙwabcinsa. In ka shuka mai gashi kusa da maras gashi, iska za ta haɗa su, kafin shekara biyu gashin ya fara tafiya. A ƙauyenmu kowa shi yake shukawa, shi ya sa ya zauna yadda yake tun zamanin kakanni. Ni malamin firamare ne, ba manomi ba, na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai. Daga baya na tambayi wani malamin gona, ya ce Kawu ne da gaskiya. Abin bai yi mini daɗi ba, domin ni mutum ne mai son a ce ni ne da gaskiya.

A bazarar da nake ba da labari, Kawu ya je tasha kamar yadda ya saba, ya zauna wurin mai shayi yana tambayar masu saukowa daga motocin Bungudu labarin gida. Ya dawo yana fara'a, abin da na manta yana yi. Wani direba ya gaya masa wai mutane sun fara komawa, wai kuma wani ya ce ya hangi hayaƙi a ƙauyenmu. Wai a kan wai. A kan wannan Kawu ya yanke shawara zai tafi ya yi binne, wato ya zuba irin a busasshiyar ƙasa kafin ruwan farko ya sauka, ya kwana biyu, ya ga yadda gari yake. Ya sa ranar Asabar.

Na yi faɗa. Na ce masa direban da ya ba shi labarin ko mararrabar ƙauyen bai taɓa tsayawa ba. Na ce hayaƙi ba shaida ba ne, kowa yana hura wuta, har waɗanda muke gudu. Na ce mutum mai shekarunsa, da ciwon gwiwa, in abu ya taso ina zai shiga? Ya saurare ni tsaf har na gama, sannan ya ce, "Malam ya gama darasi?" Haka yake kirana in yana so ya tuna mini shi ya goye ni zuwa wurin wanzami. Matata ta ce mu ɓoye takalminsa. Na ce mata wanda ya yi shekara sittin yana bin kunyar gona ba takalmi, wannan ba zai tsayar da shi ba.

Wani abokin aikina ne ya kawo shawarar ɗakin karatu. Ya ce sabon ginin nan na jama'a da ke ta wajen gulbi yana da ɗakin kwamfuta a sama, kuma akwai hoton ƙasa da ake ɗauka daga sararin sama, ana iya ganin kowane ƙauye har da rumbunansa. Na san da wannan hoton, ana iya duba shi ko a waya, amma fuskar wayata ƙarama ce, ga ta a tsage, idon Kawu kuma sai abu ya kai faifai girma yake ganinsa. Sai na tsara abina. Zan kai shi gaban babban allo, ya ga ƙauyen a ƙone da idonsa, ba rufi ba danga, ya haƙura. Ban je ni kaɗai na duba hoton tukuna ba. Na tabbata abin da zan gani ke nan, kuma wannan ita ce wautar da na yi.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗora shi bayan mashin. Ya rataya jakar fata da goran a ciki, domin tun da ya sa ranar tafiya ba ya rabuwa da shi, ko masallaci da shi yake zuwa.

Na sha wuce ginin ban taɓa shiga ba, abin kunya ga malamin makaranta. Bene ne hawa ɗaya, fari, gabansa kusan duk gilashi, an shimfiɗa farantan sola a kan rufin. An shuka furanni a bakin shiga, wani mutum yana ba su ruwa da tiyo. Kawu ya tsaya ya kalli ruwan yana malala a kan siminti, ya kalli furannin, ya tambaye ni ko ana cin su. Na ce a'a. Ya ce to.

A bakin ƙofa ya cire takalminsa ya jera su gefe. Mai gadi ya ce, "Baba, da takalmi ake shiga." Kawu ya dubi tayil ɗin da ke ƙyalli, ya ce shi bai ga wurin taka takalmi a nan ba. Aka bar shi. Rigimar gaske a teburin shiga ta taso, inda ake karɓar jaka. Doka ce, ba a shiga da jaka ko abinci, ana ajiyewa a wasu ramukan katako a bango, a ba ka 'yar lamba ta roba. Mai gadin ya leƙa jakar ya ga gora, ya girgiza shi, ya ce ai wannan hatsi ne, hatsi kuwa yana jawo ɓera da ƙwari ga littattafai. Ran Kawu ya ɓaci. Ya ce shekara uku ko ƙwaro ɗaya bai shiga goran nan ba, in mai gadin ya san aikin toka da bai faɗi haka ba. Mai gadin ya ce shi dai doka ya sani. Na tsaya tsakaninsu, ina ganin duk shirina zai lalace a bakin ƙofa.

Da ƙyar Kawu ya yarda. Sai da ya zaɓi ramin da kansa, na can sama wanda ba ya kusa da ƙasa, ya sa hannu ya shafa cikinsa ya ji ba danshi, ya tambayi mai gadin sunan garinsu da na mahaifinsa. Sannan ya karɓi lambar ya damƙe a hannun dama. Tun daga nan har muka fito bai buɗe hannun ba, da hagu ya riƙa nuna komai, yana ba da haƙuri.

Babban zauren karatun yana ƙasa. Sanyi ya buge mu muna shiga, irin na na'ura, mai sa mutum ya ji gumin jikinsa ya koma ruwan randa. Dogayen tebura ne, mutane kamar talatin, yawancinsu samari da 'yan mata masu shirin jarrabawa, kowa ya sunkuyar da kai, ba ka jin komai sai ƙarar juya takarda. Kawu ya yi sallama da muryar da yake kiran mutum daga wancan gefen gona. Zauren ya ɗago gaba ɗaya. Akwai allo a bango da aka rubuta a yi shiru, amma sallama ce, dole a amsa, sai amsar ta bi teburan ƙasa-ƙasa. Ya ƙara duban fuskokin, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Wa ya rasu?"

Na ce ba kowa, karatu suke yi.

"Karatu ba murya?"

Na ce na boko haka yake. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya gano dalilin wasu abubuwa da yawa game da ni. Muna wucewa ta tsakanin kantocin littattafai ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa ya ji ƙarfe ne, ya duƙa ya ga an ɗaga ƙafafunta daga ƙasa. Ya ce wanda ya yi wannan ya san gara. Iyakar yabon da ya yi wa ginin ke nan, kuma a bakin Kawu ba ƙaramin yabo ba ne.

Hawan matakala ya ɗauke mu lokaci saboda gwiwarsa. Ɗakin kwamfutar yana da faffaɗar taga mai kallon gulbi. A wannan lokacin na shekara ruwan ya janye ya bar yashi, sai wani siririn rafi a tsakiya, masu wanki a bakinsa, can gaba 'yan lambu suna ban ruwa, ga tifa ana loda mata yashi. Kawu ya tsaya a tagar ya ce wannan ruwan gobe war haka yana ƙofar gidansa. Na ce a ransa yake, domin ruwan da ƙyar yake motsi.

Ma'aikaciyar ɗakin wata matashiya ce mai tabarau da dogon hijabi. Na yi mata bayani a gajarce, ban gaya mata abin da nake so a gani ba. Ta kai mu gaban allo mafi girma, ta jawo wa Kawu kujera, ta ce, "Baba, mene ne sunan garin?" Ya faɗa. Ta rubuta, na'urar ta ce ba ta san shi ba. Ta sake rubutawa ta wata hanya, shiru. Kawu bai yi mamaki ba. Ya ce ko masu rabon taki ba su san shi ba.

"To mu bi gulbi," in ji ta. Ta juya hoton ta kawo mu Gusau, ta matso da shi har wani farin murabba'i ya cika allon. "Baba, ga rufin da muke ƙarƙashinsa."

Kawu ya ɗaga kai ya dubi silin, ya sauke.

Da farko bai gane komai a allon ba. Ya ce shi ƙasa-ƙasa da fari-fari kawai yake gani. Ta riƙa jan hoton a hankali, gulbin yana tafiya kamar igiya a yashe, muka bar gari, muka wuce Bungudu. Can sai ya miƙa hannun hagu ya ce, "Tsaya, ɗiyata. Koma baya kaɗan." Wata kwana ce da gulbin ya yi, da wani baƙin abu a gefenta. Ya ce wannan dutsen da mata suke shanya a kai ne. Daga nan idonsa ya buɗe. Shi ya koma jagora, ita tana bi. Bi nan, akwai mashaya. Wuce, wannan fadamar mutanen ƙetare ce. Yi hagu. Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa yara taswira na koma ɗan kallo.

Sai ga ƙauyen.

Yana nan cif. Rufin kwano yana ƙyalli, na ciyawa yana nan zagaye-zagaye, rumbuna a jere a bayan kowane gida, danga ba inda ta karye. Ga masallaci, ga kukar bakin kasuwa. Gonakin a share suke, ana ganin layin kunya. Na kawo mutum don in kashe masa gwiwa, na ƙare da ba shi shaidar da ta fi ta direba ƙarfi. Kawu ya juyo ya dube ni, ba dariya ya yi ba, amma da dariyar ce da ta fi mini sauƙi.

"Malam ya gani?"

Na gani. A raina har na fara tunanin wanda zan roƙa ya raka shi ranar Asabar. Ma'aikaciyar ta kai yatsa wajen kusurwar allon, inda wasu ƙananan lambobi suke, ta buɗe baki za ta yi magana. Kawu ya ɗaga mata hannu. Ya jawo kujerar har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya ce ta matso da bakin gulbi. Ta matso. Ya daɗe yana kallo. Fara'ar ta bar fuskarsa a hankali, ba wanda ya ce masa komai.

"Wanga ba na bana ba ne," in ji shi.

Ya nuna wata doguwar inuwa siririya a bakin gaɓa. Ya ce giginya ce, kuma gulbi ya ci gaɓar ya kada ta tun suna can, shi da kansa yana cikin waɗanda suka sassare ta aka yi azara. Ya sa ta koma gidansa, ya ƙirga rumbuna, uku. Ya ce huɗu ya bari. Na huɗun ya gina shi ne shekara biyu kafin su fito.

Ma'aikaciyar ta ce, "Haka ne, Baba. Abin da zan faɗa ke nan. Wannan tsohon hoto ne."

Na sha tunanin wannan wurin. Hoton yana goyon bayansa, ni ban lura da lambobin ba, ita kuma da ya so da ya yi kamar bai ji ta ba. Da ni ne, Allah ya sani, da na yi shiru na ci nasarata na tashi. Shi ya rushe hujjarsa da bakinsa, don kawai giginya tana tsaye inda ya san ba ta tsaye.

Ta ce akwai wani sabo, na ranin nan, bai fi wata biyu ba. Ta dube ni, tana tambayata da ido. Kafin in ce wani abu Kawu ya ce, "Ni na zo gani. Nuna."

Ta danna, allon ya yi dishi-dishi, ya washe. A nan ma ban samu abin da na zo nema ba. Ba toka, ba baƙin ƙuna. Rufin ciyawa da yawa ya rufta, wasu rumbunan sun zama zobe ba kai, amma yawancin kwanon yana nan, masallaci yana nan, kuka tana nan. Ga rumbunan Kawu guda huɗu, biyu da hulunansu. A idona gari ne da ya tsufa kaɗan, wanda mutum zai iya cewa a gyara a shiga. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ce ai ga rufinsa.

Bai dubi rufin ba ma. Ya sa yatsa a kan wani ɗigo a gabas da masallaci, ya zagaya shi, ya ce, "Ina hanyar rijiya?"

Ban gane ba. Ya ce wa ma'aikaciyar ta koma tsohon. Ta koma. Sai na ga abin da ban lura da shi ba da farko. Daga ƙofar kowane gida akwai wani siririn farin layi kamar zare, suna haɗuwa biyu-biyu, uku-uku, duk suna gangarawa zuwa ɗigon nan, wato rijiyar. Wasu sun nufi masallaci, wasu gulbi, wasu gonaki. Sawun mutane ne, shekara da shekaru. Ta dawo sabon. Babu layi ko ɗaya. Ƙasar ta zama launi guda tun daga ƙofar gidaje har bakin rijiyar.

"Ko mutum ɗaya ne a gari, da akuyarsa, dole su sha ruwa," in ji Kawu. "Sati biyu ana zuwa rijiya, hanya ta fito. Nan ba wanda ya ja guga tun da muka tahi."

Na ce, don in yi adalci tunda shi ya yi, ai hoton ya yi wata biyu, wataƙila bayan an ɗauka ne mutane suka koma. Ya girgiza kai. Ya sa ta zagaya gonakin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wanda zai yi noma bana, da tuni ya yi sharar gona ya kai taki, da an ga tsibi-tsibi baƙi a fili. Babu ko ɗaya, har a gonakin ƙauyen ƙetare. Sabara ta rufe rabin gonarsa ta gabas.

Akwai layi guda a sabon hoton wanda babu shi a tsohon. Mai faɗi ne, ya taso daga mashaya, ya bi ta bayan gari bai shiga ba, ya miƙe ya shige daji. Kawu ya bi shi da yatsa har inda allon ya ƙare. Ya ce wannan ba ta ƙafa ba ce, ba kuma ta shanu ba, ta taya ce. Ba wanda ya tambaye shi tayar wa. A teburin da ke kusa da mu wata yarinya da ke buga wani abu ta dakata, sannan ta ci gaba.

Bayan ɗan lokaci ya ce a mayar masa da tsohon, a matso da gidansa iyakar matsowa. Hoton ya fara rarrabewa, ya zama dabbare-dabbare, amma shi yana gani. Ya nuna wani baƙin tabo a bayan ɗaki ya ce murhun kalwa ne, inda Inna take dafa daddawa. Ya nuna wani fari a tsakar gida ya ce shanya ce, ita kaɗai take shimfiɗa tabarma a karkace haka, ya yi magana har ya gaji. Ya ce to ranar tana gida ke nan. Ya faɗe shi kamar yadda mutum zai ce ranar kasuwa ce.

Ni ne idona ya kawo ruwa, sai na tashi na je taga na kalli masu lodin yashi. Na ji ma'aikaciyar tana ce masa akwai na'urar buga takarda a ƙasa, in yana so za ta fitar masa da hoton ya tafi da shi gida.

"A'a, ɗiyata. Bar shi nan. Nan ba mai taɓa shi."

Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka, ya tambayi ko iyayenta suna da rai, ya ce ta gaishe su. Saukowa ta fi hawa wuya. A zauren ƙasa ya yi wa masu karatu sallamar tafiya, amma a wannan karon ƙasa-ƙasa, mutum biyu uku na kusa suka amsa.

A teburin shiga na tsaya don ya karɓi jakarsa. Bai tsaya ba. Ya kamo hannuna, ya buɗe nasa, ya sa mini lambar robar a tafi. Ta yi ɗumi, ta jiƙe da gumi, gefenta ya bar masa shaida a fata.

"Kai ka karɓo," in ji shi. "Ka ce wa na Mada ya sa shi can ƙarshen gona, nesa da na mutane, iyakar yadda ya iya."

Ya wuce waje ya zauna a kan matakala yana sa takalmi. Na miƙa lambar, mai gadin ya sauko da jakar ya ba ni da hannu biyu. A hanyar komawa ni na rataya ta, goran yana bugun haƙarƙarina duk inda muka shiga rami. Kawu yana baya, ya riƙe ƙarfen mashin, a wajen shataletale ya ce in rage gudu.

Ranar Asabar ɗin da ya sa zai tafi, ni na tafi Mada da goran. Bai fito ya raka ni ƙofa ba. Mijin ƙanwata ya yi abin da aka ce, ya ba shi ƙarshen gona. Irin ya tsira gefe-gefe, rami ɗaya ya fito, biyu su ƙi, amma abin da ya fito ya yi kyau, da gashinsa. A shekara ta biyu da aka kawo mana dami, kusan sulusin zangarniyar sumul take ba gashi, kamar yadda ya faɗa. Wannan duk daga baya ne.

A ranar dai, da na dawo daga Mada bayan la'asar, na leƙa ɗakinsa in gaya masa saƙo ya isa. Yana zaune a tabarma yana jan carbi. Buhun ba ya bakin ƙofa, an ninke shi an tura ƙarƙashin katifa. Rigar tana rataye a ƙusa. Ni na buga ƙusar nan, shekara uku ina mita a kanta, ni ne kuma na ci gardamar, mutumin yana nan da ransa a gabana. Duk da haka ban taɓa ganin abin da ya ɓata mini rai kamar rigar nan a jikin bango ba.

Na ce masa an sauke abinci. Ya ce yana tahe.